Yadda ake juya inci, ƙafa, yadi da mil zuwa santimita, mita da kilomita ba tare da an ruɗe ba

Jama'a mu a Najeriya awo biyu muke amfani da su lokaci ɗaya, kuma yawancinmu ba ma lura. Tela inci yake auna ka da shi, mai shadda a Kantin Kwari yadi yake yanka maka, dillalin fili zai ce maka 50 by 100 yana nufin ƙafa, amma da ka ɗauko takardar safiyo sai ka ga mita a rubuce, allon kan titi kuma kilomita, fom ɗin neman aiki ya ce ka rubuta tsayinka da mita. Tun shekarun 1970 gwamnati ta koma awon mita a hukumance amma kasuwa ba ta bar wanda Turawan Ingila suka bar mana ba. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa mita suka gada daga Faransa, shi ya sa da ciniki ya tsallaka Jibiya ko Maigatari ko Kongolam sai a fara samun saɓani kan abun da bai kai ya kawo ba. Kuma kuɗi ake asara a wannan saɓanin, ba wasa ba, shi ya sa nake so mu bi abun daki-daki.

Matakin farko: riƙe lambobin nan

Inci 1 daidai yake da santimita 2.54. Wannan ba kintace ba ne, a 1959 Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe masu magana da Turanci suka zauna suka tsayar da shi haka cif. Duk sauran daga nan suka fito. Inci 12 shi ne ƙafa 1, wato santimita 30.48 ko ka ce mita 0.3048. Ƙafa 3 ita ce yadi 1, inci 36 kenan, wato mita 0.9144. Mil 1 kuma yadi 1,760 ne ko ƙafa 5,280, wanda ya kama kilomita 1.609.

Ɓangaren mita shi ba wahala, komai goma-goma yake tafiya: milimita 10 santimita 1, santimita 100 mita 1, mita 1,000 kilomita 1. Matsar da ɗigo kawai kake yi.

In ba za ka iya riƙe duka ba to riƙe 2.54 da 12 da 1.6, da waɗannan ukun za ka iya fitar da kusan komai. Sannan ka san alamomi, ɗan ƙaramin layi ɗaya a saman lamba (') ƙafa ne, guda biyu (") inci ne, saboda haka 5'8" yana nufin ƙafa 5 da inci 8.

Mataki na biyu: kafin ka taɓa kalkuleta, tambayi kanka lambar za ta ƙaru ne ko za ta ragu

Wannan shi ke hana mutum ya ninka inda ya kamata ya raba. Santimita ya fi inci ƙanƙanta, saboda haka in kana zuwa santimita daga inci dole lambar ta ƙaru, ninkawa za ka yi sau 2.54. In kana dawowa inci dole ta ragu, rabawa za ka yi. Mita ta fi ƙafa girma nesa ba kusa ba (mita 1 ƙafa 3.28 ce), to daga ƙafa zuwa mita lamba raguwa take yi. Mil ya fi kilomita tsawo, daga mil zuwa kilomita lamba ƙaruwa take yi. In ka gama lissafi ka ga abun ya tafi ta ɗaya ɓangaren to ka juya kenan, sake.

Awon ɗinki da yadi

Mu fara da nan tunda shi ya fi shafar kowa, musamman 'yan uwa mata masu oda daga Chana ko Turkiyya ko Dubai inda teburin saiz ɗin duk santimita ne. Ki ɗauki awon da tela ya rubuta miki ki ninka kowanne sau 2.54. Ƙirji inci 42 zai ba ki santimita 106.7, ƙugu inci 34 zai ba ki 86.4, hannu inci 24 ya kama 61, tsawon riga inci 38 ya kama 96.5. Hula ma haka, saiz 22 da ake faɗa inci ne, kusan santimita 56, saiz 23 kuma 58 da ɗan ɗori.

In babu waya a kusa, ninka sau 10 ka raba gida 4, wannan daidai yake da ninkawa sau 2.5. Inci 42 ya zama 420, raba 4 ya ba ka 105. Ka ga ya gaza na gaskiyar da kusan santimita 2, to gyaran shi ne duk inci 25 ka ƙara santimita 1. A doguwar riga mai yalwa wannan bambancin ba komai ba ne amma a wuyan riga ko ƙugun wando sai ka ji shi a jikinka, a nan kam yi amfani da 2.54 ɗin cikakke.

Yanzu yadi da mita, nan ne ake yawan cewa ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mita inci 39 ce da ɗan ɗori, yadi inci 36, wato mita ta fi yadi da sama da inci 3. A yadi ɗaya ba za ka damu ba amma bari su taru. Yadi 5 mita 4.57 ne. Turmin atamfa mai yadi 6 mita 5.49 ne. Yadi 10 mita 9.14 ne, kusan mita guda ta tafi kenan. In ka aika a saya maka shadda a Bamako ko Yamai inda da mita ake yankawa, kuma telanka ya ce yadi 5 yake so, to mita 4 da rabi ta ɗan gaza kaɗan, mita 5 kuma za ta ba ka kusan yadi 5 da rabi. Ni dai shawarata ka sayi 5 ɗin, ragowar ta yi aljihu ko hular yaro, ya fi a zo ana neman ciko da launin da ba za a samu ba. Haka in kana kwatanta farashi, kar ka ɗora kuɗin mita ɗaya kan kuɗin yadi ɗaya kai tsaye, ninka farashin mitar sau 0.9144 tukuna, shi ne zai ba ka abun da yadi ɗaya ya kama a can.

Wani abu da ya kamata kowane tela ya duba: akwai tef ɗin awo da ake shigo da shi daga Chana wanda gefe ɗayansa ba inci ba ne, awonsu ne na gargajiya da kowane ɗaya ya kai santimita 3.33, amma a ido sai ka rantse inci ne. Gwajin mai sauƙi ne, ka duba lamba 10 a gefen incin ka juya bayan tef ɗin, in ya faɗo a kan santimita 25.4 to lafiya, in ka ga ya kai 33 to ba inci ba ne, kar ka auna kowa da shi.

Tsayin mutum, inda aka fi faɗawa rami

Don Allah a kula da wannan sosai. Ƙafa 5 da inci 8 ba shi ne 5.8 ba. Inci 12 ke yin ƙafa, ba 10 ba, saboda haka ba za ka sa ɗigo a tsakani ka danna kalkuleta ba. Hanyar ita ce ka mayar da komai inci tukuna: 5 sau 12 ya ba ka 60, ka ƙara 8 ya zama 68, sannan 68 sau 2.54 ya ba ka santimita 172.7, wato mita 1.73. Wanda ya danna 5.8 sau 30.48 zai samu 176.8, ya ƙara wa kansa santimita 4 da ba shi da su. Mai ƙafa 5 da inci 10 shi nasa ya fi muni, in ya rubuta 5.10 kalkuleta 5.1 za ta karanta, ta ba shi 155, alhali tsayinsa na gaskiya 177.8 ne. Ka duba fa, sama da santimita 22 sun salwanta saboda ɗigo ɗaya, kuma da irin wannan mutum zai cire kansa daga layin ɗaukar aiki da hannunsa.

Komawa baya kuma ga yadda ake yi. A ce sanarwar ɗaukar soja ta ce namiji kar ya gaza mita 1.68. Mayar da shi santimita 168, raba da 2.54 ya ba ka inci 66 da ɗan kaɗan, sai ka raba 66 gida 12, ya ba ka 5 saura 6. Ƙafa 5 da inci 6 kenan da ɗan ɗori. Sauran da ya rage bayan rabawar shi ne incin, kar ka ɗauki abun da ya biyo bayan ɗigo a kalkuleta ka ce shi ne.

'Yan Nijar da Kamaru da Chadi kuma su da waƙafi suke rubutawa a madadin ɗigo, 1,68 m, in ka gani a takarda kar ka zaci dubu ake nufi.

Fili da gini

Nan zan ɗan daɗe don nan ne kuɗi masu nauyi suke. Ƙafa zuwa mita: ninka sau 0.3048. A ka kuwa ninka sau 3 ka raba 10, ƙafa 100 ta ba ka kusan 30 (na gaskiya 30.48). Mita zuwa ƙafa: ninka sau 3.281, a ka kuma ninka sau 3 ka ƙara kashi ɗaya cikin goma na abun da ka samu, mita 30 ta zama 90, ƙara 9, 99 kenan, na gaskiyar 98.4.

Filoti 50 by 100 mita 15.24 ne a faɗi, 30.48 a tsawo. Ninka su biyun ka samu faɗin filin gaba ɗaya, sukwaya mita 464.5. Mai 100 by 100 ya kama 929, mai 75 by 50 ya kama 348, mai 50 by 50 kuma 232. Abun da nake so a gane shi ne a juya kowane gefe zuwa mita tukuna sannan a ninka. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ninka 50 sau 100 ya samu 5,000 sai ya ninka sau 0.3048 sau ɗaya ya samu 1,524, ya ɗauka filinsa ya kai haka, alhali ya ninka gaskiya fiye da sau uku. In lallai daga sukwaya ƙafa kake son tashi to da 10.764 za ka raba, 5,000 raba 10.764 shi zai dawo da kai 464.5.

Sannan akwai masu cewa 15 by 30 na mita ai shi ne 50 by 100. Sun yi kusa amma ba su kai ba. 15 sau 30 ya ba da 450, an rage maka 14.5 kenan, kuma ɗaki 12 by 12 gaba ɗayansa sukwaya mita 13.4 ne, ka ga wurin ɗaki guda ya fita daga filinka. Ban ce duk wanda ya faɗi haka cuta yake nufi ba, da yawa sauƙaƙa lissafi suke yi, amma kai mai biyan kuɗi haƙƙinka ne ka je da tef a auna a gabanka, kuma a rubuta a takardar ciniki ƙafa ce ko mita, ba lamba tsirara ba.

Ta ɗaya ɓangaren, wanda ya saba da awon ƙafa in aka ce masa ga fili 20 by 30 a Maraɗi ko Damagaram sai ya raina, alhali mita ake nufi, ƙafa 65.6 da 98.4 kenan, sukwaya mita 600, ya fi 50 by 100 ɗinmu girma sosai.

Gona kuma eka da hekta. Hekta mita 100 ce ta kowane gefe, sukwaya mita 10,000. Eka sukwaya mita 4,047 ce. Hekta 1 ta kama eka 2.47, kusan biyu da rabi, to in aka ce a zuba taki buhu kaza a hekta kai kuma eka ɗaya gare ka, raba adadin da 2.47. Eka ɗaya tana ɗaukar filoti 50 by 100 guda 8 da ɗori kafin a cire hanya, a Legas da suke yanka 60 by 120 kuma 6 take ɗauka, shi ya sa kake jin lissafin ya bambanta daga gari zuwa gari.

Zanen gini yawanci da milimita ake rubuta shi. In ka ga 3600 a jikin bango to mita 3.6 ce, kusan ƙafa 12 amma ba ta cika ba (ƙafa 12 milimita 3,658 ce). Ƙofa 900 da 2100 ita magina ke kira 3 by 7, taga 1200 da 1200 ita ce 4 by 4. Amma ƙafa 4 ta gaskiya milimita 1,219 ce, to in magini ya bar ramin taga 1200 mai walda kuma ya haɗa ƙarfe ƙafa 4 cif, tagar ta fi ramin da kusan santimita 2, sai an sassaƙe bulo kafin ta shiga. Maganin abun shi ne mai walda ko mai alminiyom ya zo ya auna ramin da kansa da tef ɗinsa, kar a yi masa aike ta waya.

Tayil ma bari mu yi misali. Ɗaki 12 by 14, mita 3.66 da 4.27, ninka ka samu sukwaya mita 15.6. Tayil mai santimita 60 ta kowane gefe, wanda ake kira 2 by 2, kowane ɗaya yana rufe 0.36. Raba 15.6 da 0.36 ya ba ka 43 da ɗori, 44 kenan, sai ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka nemi wajen 48.

Akwai kuma kayan da sunansu inci ne amma awonsu ba cif ba. Bulo inci 9 a takarda milimita 225 ne, inci 6 kuma 150. Katako 2 by 4 in ka ɗora masa tef sau da yawa bai cika ba. Bututun ruwa na roba da ake kira inci 4 galibi milimita 110 ne ta waje. Irin waɗannan suna ne na kasuwa, kar ka ninka sau 2.54 ka dogara da amsar, aunawa za ka yi. Rodi kuma mita 12 ne tsawonsa, ƙafa 39 da ɗori, duk da ana cewa 40.

Masu haƙa rijiyar burtsatse, a nan ma a yi magana a fili tun farko. Ƙafa 150 mita 45.7 ce kacal, mita 150 kuwa ƙafa 492 ce. In an ce za a haƙa maka 150 ka tambaya 150 na me, kuma kuɗin da aka yanka na kowace ƙafa ne ko na kowace mita.

Gutsattsarin inci

Tef ɗin kafinta ya raba inci gida 8 ko 16. Don juya su, raba lambar sama da ta ƙasa (a 1/8, 1 raba 8 kenan) ka ninka sau 25.4 ka samu milimita. Rabin inci 12.7, kwata 6.35, kwata uku 19.05, ɗaya bisa takwas kuma 3.2. Makanikai sun san wannan a aikace, sifana mai milimita 19 tana kama noti mai kwata uku na inci lafiya lau, mai 13 kuma tana shiga na rabin inci amma da ɗan sako-sako, in notin ya ciza sosai sai ta cinye masa kai.

Talabijin da waya kuwa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna incinsu, ba faɗi ba. Mai inci 43 santimita 109 ce a karkace amma faɗinta wajen 95 ne, wannan za ka ba kafinta in zai yi maka wurin ajiye ta, ka ƙara masa ɗan sarari.

Mil da kilomita

Mil zuwa kilomita ninka sau 1.609. A ka, ɗauki lambar ka ƙara rabinta ka ƙara kashi ɗaya cikin gomanta: mil 60, ƙara 30, ƙara 6, ya zama 96, na gaskiya 96.6. Komawa kuma ninka sau 0.62, ko ka riƙe cewa kilomita 8 mil 5 ce.

Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka wannan naku ne kuma batun rai ne. Manyan lambobin da ke jikin agogon gudu mil ne, na kilomita su ne ƙananan na ciki. In allura tana kan 80 kana ganin ai a hankali kake tafiya, to kana gudun kusan kilomita 129 ne a awa, 70 kuma kusan 113. Iyakar da aka sa wa ƙananan motoci a babbar hanya ta express kilomita 100 ce a awa, a agogonka 62 kenan. Wallahi wannan ya cancanci a gaya wa duk direban da aka miƙa wa irin motar nan ranar farko, musamman wanda ya saba da motar da ke nuna kilomita.

Wajen sayen mota ma haka, in ta nuna 120,000 ka duba mil ne ko kilomita, don mil 120,000 kusan kilomita 193,000 ne, tafiyar da injin ya sha ta bambanta sosai. Juyen baƙin mai kuma in makanike ya ce bayan kilomita 5,000, a motar da ke ƙirga mil wajen 3,100 za ka dawo.

In lambobin suna da yawa

Lamba ɗaya ko biyu, rubuta a Google kamar haka, 50 ft to m, zai ba ka amsa nan take, kuma yawancin kalkuletar waya tana da sashen juya awo a ciki. In kuma jerin awo ne mai tsawo, kamar tela mai kwastomomi a waje ko mai lissafin kayan gini, buɗe Excel ko Google Sheets ka jera lambobin a layin A daga sama zuwa ƙasa, a gefen ta farko ka rubuta =CONVERT(A1,"ft","m") ka ja shi ƙasa, "ft" na ƙafa, "m" na mita, "in" na inci, "yd" na yadi, "mi" na mil, "cm" da "km" kuma kamar yadda suke. Sai dai ko a nan ɗin ka mayar da ƙafa da inci zuwa inci zalla kafin ka shigar, don shi ma 5.10 zai karanta ta 5.1 ne. Kuma kar ka yanke ɗigo a tsakiyar lissafi, bar lambobin da tsawonsu har ka kai ƙarshe sannan ka taƙaita, ɗinki zuwa rabin santimita, aikin ƙarfe da gilashi zuwa milimita, fili kuma lamba biyu bayan ɗigo kamar yadda safiyo ke rubutawa.